Matar Wani a Takarda

Shekarar da babbar 'yata ta shiga aji biyar, shugaban makarantarsu ya aika a kira iyaye. A Ngong muke zaune lokacin, har yau ma nan muke. Mijina yana sayar da takin zamani da irin masara a wata rumfa bakin titi, ni kuma ina ɗinki a gida. Da muka taru, shugaban ya ce duk yaron da ba shi da takardar haihuwa, wadda muke ce wa akt, ba zai zauna jarrabawar gama firamare ba. Saura shekara guda da 'yan watanni, in ji shi, gara kowa ya fara nema tun yanzu. Yarana uku duk a gida na haife su, a hannun ungozoma, kuma babu wanda muka taɓa yi wa wannan takarda. Ban damu ba. Kusan duk matan da ke zaune kan bencin nan halinmu ɗaya.

Ranar Laraba muka tafi meri ni da mijina, wato ofishin magajin gari. Ma'aikacin da muka samu mutumin kudu ne, amma ya daɗe a arewa, Hausarsa ta fi Fulatancina. Ya yi mana bayani cewa tun da yaran sun girma, sai alƙali ya ba da izini kafin a rubuta musu akt, kuma wannan ba wani abu ba ne, kullum ana yi. Ya karɓi katin shaidar mijina ya duba ya ajiye. Ya karɓi nawa. Sai na ga ya daɗe yana kallonsa.

"Madam, wannan sunan da ke ƙarƙashin naki, na wane ne?"

Na leƙa. Sunan mijina na farko ne. Yana nan a kan katin tun ranar da aka fara yi mini shi, da aka sabunta ma haka aka kwafe, ni kuwa na daina ganinsa kamar yadda mutum yake daina ganin tabon da ke hannunsa.

"Tsohon mijina ne," na ce. "Mun rabu shekara goma sha huɗu ke nan."

"A meri aka ɗaura auren?"

"An ɗaura a masallaci, daga baya muka je meri a Garoua."

"To ina takardar sakin da kotu ta ba ki?"

Na ce ina da takarda, shi da kansa ya rubuta, da shaidu biyu. Na yi idda a gidan ubana, na zauna shekara biyu kafin na sake aure. Ma'aikacin ya saurare ni har na gama. Sannan ya rage murya, ko da yake babu kowa a ɗakin sai mu uku. Ya ce auren da aka rubuta a meri ba ya mutuwa sai alƙali ya kashe shi. A idon hukuma har yanzu ni matar wancan ce. Kuma duk ɗan da matar aure ta haifa, doka tana ɗauka na mijinta ne. In ya tura takardunmu a haka, sunan wancan mutum za a rubuta a gurbin uba, ga yara ukun duka.

Mijina mutum ne marar yawan magana. Ya ɗauki katinsa ya sa a aljihu, ya yi wa ma'aikacin godiya, muka fito. Sai da muka wuce tashar mota ya ce, "Ashe shekara goma sha biyu da matar mutane nake zaune." Da wasa ya so ya faɗa, amma muryarsa ba ta yarda ba, ni ma ban yi dariya ba.

Dole in koma baya kaɗan, don a gane yadda abin ya faru. Ina da shekara ashirin na auri mijina na farko, ni na zaɓe shi, shi ya zaɓe ni. Yana aiki a wani kamfanin auduga a lokacin, aka ce ba za a riƙa duba matar ma'aikaci a asibitin kamfani ba sai da takardar aure. Shi ya sa muka je meri. Na tuna na sa atamfa shuɗiya, na tuna mun sha lemo a hanyar dawowa. Shekara huɗu muka yi ban haihu ba. Aikin kamfani ya ƙare, ya koma fataucin shanu irin na ubansa, yana wata guda a hanya, in ya dawo kuma sai faɗa. Maganganu sun shiga tsakaninmu waɗanda ba zan maimaita ba. Ranar da ya rubuta takardar, ya faɗa mini a gaban ƙanwarsa cewa ya gaji da ciyar da icen da ba ya 'ya'ya. Na kwashe kayana. Ban sake ganinsa ba, kuma babu ɗayanmu da ya tuna da meri.

Mijina ya je wurin limamin unguwarmu washegari. Liman ya ce aurenmu yana nan lafiya lau a addini, saki ya tabbata, idda ta cika, yara halaliyar ubansu ne, kada mu bari shaiɗan ya sa mana kokwanto. Amma takardar gwamnati, in ji shi, sai a bi ta hanyar gwamnati. Wannan ya kwantar wa mijina da rai. Ni bai kwantar mini ba, domin na koma wurin ma'aikacin nan ni kaɗai na tambaye shi abin da ban iya tambaya gaban mijina ba. Shin wancan zai iya karɓe mini yara? Ya ce shi ba lauya ba ne, amma in mutumin yana neman fitina, zai iya wahalar da ni, har ma ya kai ƙara cewa matarsa tana zaune da wani. In kuwa ya yarda ya zo kotu ya faɗi gaskiya, abin zai zo da sauƙi. Komai yana hannunsa.

Sati uku na yi ina ɗinki ina farkewa. Na yanka wa wata mata hannun riga biyu duk na hagu. Mutumin da na sani mai zafin zuciya ne, kuma ba ya manta abin da aka yi masa. Ni ma ranar rabuwa ban yi shiru ba, na gaya masa maganar da na san za ta zauna masa a ƙirji.

Yayana mahauci ne a Garoua. A wurin dillalan shanu yake sayen dabba, saboda haka kusan kullum yana ganin tsohon mijina, amma tun rabuwarmu gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma daga nesa. Na kira shi na gaya masa. Ya ce, "Ki bar mini, zan same shi." Na ce a'a, Yaya, in ka je kai kaɗai za ku yi rigima, na san ka. Ka dai nemi ya zo gidanka, ni zan yi magana. Mijina ya ce zai raka ni har Garoua amma ba zai shiga ba, zai jira a masallacin layin.

Watan zafi ne. Mun tsallake gadar Binuwai ruwa ya ja baya, masu wanki da masu ɗiban yashi sun cika tsakiyar kogi. Bayan azahar muka isa. Matar Yaya ta shimfiɗa tabarma biyu a zaure, ta ajiye ruwan sanyi, ta koma ciki ta bar ƙofa a buɗe kaɗan.

Da ya yi sallama ban gane muryar ba. Wani dattijo ne ya shigo, gemu fari fat, yana ɗan jan ƙafar dama, hannun dama kuma yana riƙe da shi a jikinsa. Shekara biyar kawai ya ba ni. Ya zauna da ƙyar, suka gaisa da Yaya da Fulatanci kamar yadda 'yan kasuwar shanu suke yi, jam da jam har ya ƙare. Sannan ya juyo wajena bai ɗaga ido ba. Na ga yana neman abin da zai kira ni da shi.

"Malama, ina wuni? Ya iyali?"

"Lafiya lau, Alhaji. Ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Na shirya maganata tun daga Ngong, na san inda zan fara da inda zan roƙe shi, har da inda zan ba shi haƙuri kan abin da na faɗa masa shekarun baya. Na fara da makaranta da jarrabawa. Ban kai ga katin ba ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

"Takardar meri ce, ko?"

Na ce ita ce.

Ya sauke wani dogon numfashi, ya ce, "Alhamdu lillahi." Har sau uku ya faɗa. Ni da Yaya muka kalli juna.

Ashe bara hawan jini ya kayar da shi a kasuwa, ya yi wata biyu a kwance. Da ya tashi ya fara tunanin mutuwa, ya ce bari ya gyara takardun gidansa. Yana da mata, sun shekara goma sha uku, da 'ya'ya biyar. Ya je meri zai yi rajistar aurensu, aka buɗe littafi aka ce yana da mata tun tuni. Ba wannan kaɗai ba. Ranar da muka je meri, an tambaye shi ko auren mace ɗaya yake so ko na fiye da ɗaya, kamar yadda ake tambayar kowa, shi kuwa yana saurayi, yana so ya burge ni, ya buga ƙirji ya ce ɗaya. Aka rubuta. Saboda haka babu yadda za a yi a sa masa wata mace a littafi muddin sunana yana ciki. An gaya masa in ya faɗi ya mutu yau, ni ce matar mamaci a wurin hukuma, uwar 'ya'yansa kuwa baƙuwa ce a gidanta.

"Duk ranar kasuwar shanu ina Ngong," in ji shi. "Na san layinku. Sau biyu ina zuwa har kwanar gidanku in juya."

"Me ya hana ka sallama?" Yaya ya tambaye shi.

"Da wane ido? Bayan abin da na faɗa mata? Cewa na yi za ta ce in je in ƙarata. Ko mijinta ya ɗauka wani abu nake nema."

Ban san lokacin da dariya ta kama ni ba. Ba dariyar jin daɗi ba ce tukuna, irin wadda ke zuwa ce in ka ɗauki tulu da dukan ƙarfinka kana tsammanin cike yake, ka tarar babu komai ciki. Na rufe baki da mayafi, hawaye suna zuba. Matar Yaya ta kasa haƙuri, ta leƙo. Yaya ya tashi da kansa ya je masallaci ya kira mijina. Suka yi musabaha su biyu, tsohon mijina da hannun hagu, yana ba da haƙuri a kan hakan. Na bar su a zaure na shige ciki.

Kada a ɗauka daga nan komai ya ƙare. Wata bakwai muka yi muna hawa da sauka tsakanin Ngong da Garoua. Magatakardan kotu ya ba mu shawara mu shigar da maganar a ɓangaren da ke shari'a bisa al'adar mutane, inda alƙali ke zama da dattawa biyu masana addini da al'ada, tun da dukanmu mun yarda. Ni ce mai ƙara. Aka ce mu kawo takardar aure ta asali, tawa ta ɓace tun tuni, tasa gara ta cinye rabi, sai da aka koma meri aka sake fitar da ita daga littafi. Zama na farko aka ɗaga, alƙali ya yi tafiya. Na biyu aka ɗaga, ɗaya daga cikin shaidun sakin ya rasu, ɗayan kuma yana Yagoua yana girbin shinkafa, sai da aka jira shi. Duk ranar da aka ɗaga, mijina yakan ce, "To, mu je mu ci kifi," mu zauna a wata rumfa kusa da kogi kafin mu nemi mota. A shekara goma sha biyu ba mu taɓa cin abinci a waje mu biyu ba sai a wannan shari'a.

Ranar zama na uku ɗakin ya cika. Alƙalin mace ce, da tabarau a kan hanci, tana magana da Faransanci, tafinta yana juya mana. Mijina yana benci na biyu. Matar tsohon mijina tana can gefen mata, doguwa, ta rufe rabin fuska. Da safe ta zo ta gaishe ni a baranda, ta riƙe hannuna da hannu biyu.

Alƙali ta duba takardu ta ce doka ta wajabta mata, kafin ta raba aure, ta nemi sulhu. Shin akwai yiwuwar mu koma mu zauna tare? Tafinta ya faɗa da Fulatanci, ya maimaita da Hausa, yana ƙoƙarin riƙe fuskarsa. Ɗaya daga cikin dattawan ya sunkuyar da kai yana gyara rawani. Na ce ranki ya daɗe, ina da miji da yara uku. Shi ma ya ce yana da mata da yara biyar. Ta kalle mu ta saman tabarau, ta ce ta gani a takarda, amma dole ta tambaya, kuma dole a rubuta amsa.

Sai ta ce kotu ba ta raba aure haka kawai, sai da dalili. Mene ne ya faru, kuma laifin wane ne? Magatakarda ya riga ya gaya mini za a yi wannan tambaya, kuma ita ce na fi tsoro, don ba na so in tsaya gaban jama'a in tone abin da ya wuce. Na buɗe baki ke nan, sai na ji ƙarar sanda. Tsohon mijina ne yake ƙoƙarin miƙewa. Alƙali ta ce ya yi zamansa. Ya ce a'a, a tsaye zai faɗa.

"Laifina ne," ya ce. "Ni na kore ta. Ba ta yi mini komai ba. Na zarge ta da abin da ba a hannunta yake ba, na ci mata mutunci a gaban 'yan'uwana. A rubuta haka."

Tafinta ya juya. Magatakarda ya rubuta. Ni kuwa na tsaya ina kallon fankar da ke juyawa a sama, don in na kalli mutum zan yi kuka. Ban san ina jiran wannan magana ba. Na ɗauka na daɗe da wuce wurin. Da aka tambaye ni ko ina da abin ƙarawa, na ce ni ma na faɗa masa magana marar daɗi ranar, kuma na yafe. Alƙali ta ce wannan ba sai an rubuta ba.

Aka kashe auren. Maganar yara kuma zamanta daban, bayan sati biyar. Nan ma ya zo, da sandarsa. Aka tambaye shi ko ya san yaran nan uku. Ya ce bai taɓa ganinsu ba, bai ma san adadinsu ba sai ranar da muka haɗu a gidan Yaya, kuma tun ranar da na bar gidansa inuwarmu ba ta sake haɗuwa ba. Ungozomar da ta karɓi haihuwarsu ta ba da shaida, tsohuwa ce sosai, sai da aka yi ta tsayar da ita don ta shiga ba da labarin kowace naƙuda dalla-dalla. Liman ya ba da shaidar raɗin suna. Sannan aka kira mijina. Alƙali ta ce, "Waɗannan yara naka ne?" Mutumin da ba ya ɗaga murya ko a kasuwa ya amsa da ƙarfin da har na baranda suka juyo. Ya faɗi sunayensu ɗaya bayan ɗaya, da ranar da aka haifi kowanne, har da cewa ta tsakiyar ranar da aka yi ruwan farko ta zo. Ban san ya riƙe waɗannan ba.

A bakin ƙofar kotu muka yi sallama. Tsohon mijina ya ce wa mijina in yana bukatar sa na noma ya neme shi, zai zaɓar masa mai kyau. Ni kuma ya ce, "Malama, Allah ya raya su." Na ce amin, Allah ya ƙara sauƙi. Matarsa ta taimaka masa ya hau bayan moto, wato babur. Na ji daga baya sun yi rajistar aurensu. Mu ma mun yi namu, a Ngong, ba biki, daga mu sai shaidu.

Ranar da muka karɓi hukuncin ƙarshe da hatimi a kai, muka shiga motar da ke zuwa Ngaoundéré, za mu sauka a hanya. Na sa takardun a cikin jaka, na rungume jakar. Ba mu kai ga fita daga gari ba barci ya ɗauke ni. Da na farka sai na ga duwatsun da ban sani ba, rana ta karkata. Mun wuce Ngong da nisa. Na juya a firgice, na ga mijina ma bakinsa a buɗe, kansa a jikin gilashi. Direba ya ce ya yi ta kiran masu sauka, babu wanda ya amsa. Ya ajiye mu a wani ƙauye bakin hanya, inda wata mata ke gasa masara ƙarƙashin bishiyar ɗorawa. Muka sayi biyu, muka zauna kan wani kututture muna ci, muna jiran motar da za ta mai da mu gida. Mijina ya ce yara za su yi ta neman mu. Na ce akwai sauran tuwo a tukunya, babbar ta iya ɗumame.